Saitin kurosoba: doguwar sifikarka ma a Small za ta zauna

[Falo: talabijin a bango, dogayen sifiku biyu, wufa a kusurwa]

Salamu alaikum, jama'ar Sakkwato da kewaye. Akwai wata fatawa da ke yawo kwanan nan, daga shagunan kayan sauti na Babbar Kasuwa har cikin wayoyinmu: wai in sifikarka doguwa ce, ka shiga saitin risiba, wato akwatin da ake haɗa duk sifiku a bayansa, ka sa ta a Large, ka ba ta haƙƙinta. Masu faɗa da ƙarfin gwiwa suke faɗa. To, mu duba.

In naka irin wanda ake sayarwa kwali guda ne, da DVD da sifiku biyar da wufa, wato sifikar rugugi, duk a haɗe, yawanci kamfani ya kulle wannan saiti a ciki, ba abin da za ka taɓa. Da masu risiba nake, Denon ce, Yamaha ce, Onkyo ko Pioneer, sabuwa ko ta hannu.

[Bayan risiba]

Haɗa waya ba ya son dogon bayani. Ja ga ja, baƙi ga baƙi. Sifiku biyu a gaba, ta tsakiya ƙarƙashin talabijin, biyu a gefen kujera su ɗan ja baya. Wufa kuma kebul guda zuwa ramin da aka rubuta Subwoofer. Ɗauko rimot.

[Allon saiti: Small, Large]

Ga inda ake faɗuwa. Wannan layi ba tsawon akwati yake tambaya ba. Tambayarsa ɗaya ce: rugugin ƙasa, wa zai ɗauka?

Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Adadin yana nufin sau nawa faifan sifika ke zuwa gaba ya dawo a daƙiƙa guda. Can ƙasa nan ne tsawa take, da fashewar bam a fim, da dukan da kake ji a ƙirji.

[Kusa da faifan sifika, an cire raga]

Kalli faifan nan. Na kunna masa 100 Hz, da ƙyar kake ganin motsi. Ga 50. Ka ga yadda yake kai da komo? Duk sanda ka raba adadin gida biyu, sai faifan ya ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ya ba da ƙarfin sauti iri ɗaya. A 25 Hz, sau 16 ke nan. Kuma a sifiku da yawa, wannan faifai da ke haki shi ne ake jira ya fito maka da muryar jarumi tar. Ina zai iya? Shi ya sa da zarar an fara harbi a fim, magana ke dusashewa, ka yi ta ƙara sauti, maƙwabta su yi ta tsaki.

In ka zaɓi Large, ka ce wa risiba ta turo wa sifikar komai har ƙasa. In ka zaɓi Small, sai ta yanke a wani adadi, ta miƙa abin da ke ƙasa da shi ga wufa, wadda ke da babban faifai da amfilifayarta daban. Wannan mahaɗar ita ce kurosoba. Ba a zubar da komai ba, kayan raƙumi ne aka sauke wa jaki aka mayar wa mai shi.

Akwai ma abin dariya. A risiba da yawa, in na gaba suna Large, ka sa waƙa, wufa shiru take yi, don ba a turo mata komai ba. Sai ka ga mutum ya ɗauro ta a bayan mashin tun daga Mabera: "Malam, wagga wufa ta mutu." Lafiyarta ƙalau, zaman banza aka sa ta. Wani kuma sai ya kunna saitin da ake kira LFE+Main a risiba, ko Extra Bass a Yamaha, sifiku da wufa su riƙa buga abu ɗaya tare. Tagogi za su girgiza, ban musa ba, amma ni a kunnena kwaɓaɓɓen sauti ne.

Sannan zafi. Rugugi ne ke cin ƙarfin amfilifaya fiye da komai. A Afrilun Sakkwato, ma'auni ya haura 40, risiba a kulle cikin kabad, ka kuma ɗora mata Large? Ana tsaka da ƙwallo za ta kashe kanta.

[Allo: 80 Hz]

To wane adadi? Fara da 80. Kamfanin THX, wanda ya fito daga Lucasfilm a 1983, shi ya tsayar da 80 a matsayin ma'auni, kuma da dalili. Igiyar sauti ta 80 Hz ta fi mita 4 tsawo, kusan faɗin falo. Daga nan zuwa ƙasa, kunne ba ya iya nuna inda sauti ke fitowa, don haka wufa na kusurwa amma ka ji kamar daga talabijin ne. Muryar namiji mai kauri kuwa tana farawa daga wajen 85 Hz. In ka ɗaga kurosoba sama sosai, sai ka ji rabin muryar mai labarai na fitowa daga bayan kujera.

Yankan kuma ba kamar na wuƙa ba ne, gangare ne. Sifika na janyewa a hankali, wufa na karɓa a hankali. Don haka dole sifikarka ta iya sauka ƙasa da adadin da ka zaɓa. Duba takardarta. In an rubuta tana kaiwa 60, to 80 ya yi. Ƙananan nan masu girman dunƙulen hannu, ba su 100 ko 120, wasu har 150. Dogayen da suke kai 40 da gaske, kana iya gwada 60, amma da ni ne, 80 zan bari.

[Bayan wufa]

Wannan maɓallin murɗawa mai lambobi shi ma kurosoba ne. Murɗa shi har lamba mafi girma, ko ka sa shi inda aka rubuta LFE. Risiba ta riga ta yanka, in wufa ta sake yankawa, rami za ka samu a tsakiya. Layin LPF for LFE da ke cikin saitin risiba kuma wani abu ne daban, na tashar rugugin fim ne, wato ɗigo ɗayan nan na 5.1, sifiku biyar da wufa ɗaya. Bar shi a 120.

[Tef ɗin awo, waya, makirfo a kan kujera]

Saura da gudu. Auna nisan kowace sifika zuwa inda kake zama, ka rubuta. Kunna sautin gwaji na risiba, daidaita ƙarfin sautin kowacce ya kai 75 dB, manhajar waya ma za ta taimaka. In risibarka ta zo da makirfon da take auna sifiku da shi da kanta, tsarin da ake kira Audyssey ko YPAO ko MCACC, kafa shi daidai tsayin kunne, kashe fanka da esi, yara su fita tsakar gida, in janaretan maƙwabci na aiki ka jira. Da risibar ta gama awo, koma ka duba, don sau da yawa ita ma Large take sawa. Mayar Small. In ta zaɓa wa wata sifika 100, kar ka sauke zuwa 80. Ɗagawa ba laifi.

Na ƙarshe, makunnin Phase mai 0 da 180 a bayan wufa. Zauna a kujerarka, sa waƙa mai ganga, ka sa yaro ya riƙa juya shi. Inda ka ji dukan ya fi cika, ce masa ya cire hannu.