Lambar ƙoda ta faɗi: tsoka ce ta jawo, ko allura ce ta yi ɓarna?

Hadiza: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Dakta Bashir, likitan ƙoda, da kuma Malam Nasiru, mai horar da masu ɗaga ƙarfe. Batunmu shi ne takardar gwajin jini da ke tayar wa masu gina jiki hankali. Mutum ga shi kamar zai ɗauki mota, ya je gwaji, takarda ta ce eGFR ɗinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, 59 ne, har an ja masa jan layi. Likita, wannan lamba daga ina take fitowa?

Dakta Bashir: Lissafi ne, Hajiya. Babu wanda ya auna aikin ƙodar kai tsaye. Abin da aka auna a jini shi ne kiriyatinin, wani dattin da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda kuma ta tace shi ya tafi cikin fitsari. Sai a ɗauki adadinsa a haɗa da shekarun mutum da jinsinsa, kwamfuta ta yi hasashen yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Lissafin da aka fi amfani da shi yanzu shi ne CKD-EPI, wanda ya fito a 2009 aka sabunta shi a 2021. Namiji ɗan shekara 30 mai kiriyatinin 1.6 zai samu wajen 59. Daga 90 zuwa sama ake cewa lafiya lau, ƙasa da 60 kuma idan ya wuce wata uku a haka ana kiransa ciwon ƙoda mai daɗewa.

Nasiru: Amma lissafin bai tambayi faɗin ƙirjin mutum ba.

Dakta Bashir: Ko kaɗan. Ya ɗauka kowa matsakaicin jiki gare shi. Ka ɗauki gida mai mutum talatin da gida mai mutum uku. Idan ka ga shara ta fi taruwa a ƙofar babban gidan, ba lallai mai kwasar shara ne ya yi lalaci ba, masu zubarwa ne suka yi yawa. Mai tsoka da yawa kiriyatinin ɗinsa zai fi na sauran mutane ko da ƙodarsa garau take.

Nasiru: Ni abin da nake gaya wa yarana ke nan. Ga garin kiriyatin da suke sha don ƙara ƙarfin tsoka, ga nama, ga horo mai tsanani.

Dakta Bashir: Duk suna ɗaga lambar. Dafaffen nama idan aka ci da yawa yana ɗaga ta na wasu sa'o'i, domin zafin wuta na mayar da kiriyatin ɗin cikin naman ya koma kiriyatinin. Horo mai tsanani ana gobe gwaji, haka. Ƙarancin ruwa a jiki, haka. Akwai ma magunguna irin su trimethoprim da cimetidine da ke hana ƙoda fitar da wani ɓangare na kiriyatinin ba tare da sun taɓa tacewar ba. Sai dai Malam Nasiru, kada mu tsaya nan. Nan ne wurin da mutane ke samun maganar da ransu ke so su ji, su naɗe takarda su jefa a aljihu.

Nasiru: To ai ba ƙarya suka yi ba.

Dakta Bashir: Wanda ba ya allurar sitiroyid, wato magungunan ƙara girman tsoka, sau da yawa gaskiyarsa ce. Wanda ke kan sitiroyid kuwa abu biyu ne ke iya haɗuwa a jikinsa lokaci guda: tsokar da ke kumbura lambar, da kuma ɓarna ta gaske. Kiriyatinin shi kaɗai ba zai raba maka su ba. A 2010 likitoci a Jami'ar Columbia da ke Amurka sun wallafa bayanin masu gina jiki goma da suka daɗe suna amfani da waɗannan magunguna. Sun zo da furotin mai yawa a fitsari, da aka gutsuro ɗan naman ƙodarsu da allura aka duba, sai aka tarar tara daga cikinsu na da tabo a ƙananan matatan ƙodar, cutar da muke kira FSGS. Yawancin waɗanda suka daina maganin suka rage nauyi sun samu sauƙi. Ɗaya ya koma wa allurar, ciwon ya dawo masa.

Hadiza: Mutum goma dai ba su da yawa, Likita.

Dakta Bashir: Ba su da yawa, kuma binciken bai nuna mutum nawa cikin ɗari abin ke samu ba. Abin da ya nuna shi ne yadda ɓarnar take idan ta zo. Jiki ya yi girman da ƙoda biyu ke wahalar yi wa hidima, matatan suna aiki fiye da ƙima shekara da shekaru, ga hawan jinin da maganin ke kawowa, ga jini ya yi kauri. A hankali matatan ke yin tabo, kuma ba ciwo ba zafi.

Hadiza: To yaya za a bambanta?

Dakta Bashir: Na farko a sake gwajin cikin natsuwa. Kwana biyu ko uku ba horo mai nauyi, kada a cika ciki da nama kafin a ɗebi jini, a sha ruwa yadda aka saba, garin kiriyatin kuma a ajiye shi na wasu makonni idan likita ya ga dacewar haka. Na biyu a auna sistatin C. Shi ma ƙoda ce ke tace shi, amma kusan dukkan ƙwayoyin halittar jiki ne ke samar da shi, don haka yawan tsoka bai cika ruɗa shi ba. Idan lissafin kiriyatinin ya ce 59, na sistatin C ya ce 95, hankali ya fara kwanciya. Idan dukansu suna ƙasa, magana ta canza. Ƙa'idojin ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, KDIGO, na 2024 ma sun fi son a haɗa biyun a lissafi ɗaya.

Nasiru: Shi ba ya kuskure ke nan?

Dakta Bashir: Yana yi. Matsalar maƙoƙo, ƙiba, shan taba, kumburin cikin jiki, da magunguna irin su prednisolone duk suna iya karkatar da shi. Idan abu ya rikice sosai akwai aunawa ta kai tsaye, a sa wa mutum sinadarin iohexol a jijiya a bi yadda yake fita daga jini. Amma ni a wurina gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda aka fi rainawa: fitsari.

Hadiza: Fitsari kuma?

Dakta Bashir: Ƙwarai. Lafiyayyar ƙoda ba ta barin albumin, wani furotin da ke cikin jini, ya zube cikin fitsari. Ana ɗaukar fitsarin safe a auna albumin a kan kiriyatinin. Ƙasa da 30 daidai ne, 30 zuwa 300 an fara yoyo, sama da 300 abin ya yi nisa. Girman damtse ba ya sa albumin ya zuba, don haka uzurin tsoka ba ya aiki a nan. Ga kuma wani abin lura: tunda da kiriyatinin ake rabawa, shi kuma mai tsoka nasa na da yawa a fitsari, lambar kan fito ƙasa da gaskiyarta. Idan na ga 25 a takardar ƙaton mai gina jiki, ba na cewa ya tsira, sai na sake dubawa, wani lokaci in sa ya tara fitsarin awa 24.

Nasiru: Wannan kam sabo ne a kunnena. Wasu kan ce fitsarinsu na kumfa, su ɗauka garin furotin ne ke fita.

Dakta Bashir: Kumfar da ba ta bajewa, kumburin ƙafa ko fuska da safe, ciwon kai da hawan jini, duk ba na garin furotin ba ne har sai gwaji ya wanke shi. Sannan akwai waɗanda ba sa jira. Fitsari ya koma baƙi-baƙi bayan horo mai tsanani tare da ciwon tsoka, wannan tsoka ce ta farfashe tana toshe ƙoda, asibiti a ranar. Ido ya yi ruwan ɗorawa ga ƙaiƙayi, musamman ga masu haɗiyar ƙwayoyi irin su Dianabol da stanozolol, hanta ce ta cushe, kuma hakan kan sauka a kan ƙoda.

Nasiru: Mu ma a namu ɓangaren, makon gasa ya fi ba ni tsoro. Mutum ya rage shan ruwa, ya sha furosemide, maganin fitar da ruwa daga jiki, don jijiyoyi su fito raɗau, gwiwa na ciwo ya ɗora diclofenac ko ibuprofen a kai.

Dakta Bashir: Wannan haɗin ko ba sitiroyid yana iya kwantar da ƙoda cikin 'yan kwanaki.

Hadiza: Amma da yawa ba za su gaya wa likita suna allura ba. Kunya, ko tsoron faɗa.

Dakta Bashir: Mu ma da laifinmu, wasu likitocin da wa'azi suke farawa, mutum ya fita bai sake dawowa ba. Amma in ban san abin da kake sha ba, ko dai in tsorata ka a banza, ko in sallame ka alhali kana buƙatar magani. Ina son sunan kowane magani, yawansa, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha. Kuma wanda ya daɗe a kai kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, domin jikinsa ya rage yin nasa sinadarin mazantaka, wato testosterone, kasala da baƙin ciki na iya rufe shi. A tsara dainawar tare da likita.

Nasiru: Idan komai ya fito lafiya fa? Sistatin C daidai, fitsari tsaf, jini bai hau ba?

Dakta Bashir: Sai mu ce a yau tsoka ce ta kumbura lambar. Ya ajiye takardar, domin ita ce ma'auninsa na gaba. Wanda kiriyatinin ɗinsa ya zauna a 1.4 shekara uku bai dame ni kamar wanda ya tashi daga 1.1 zuwa 1.4 cikin wata shida alhali nauyinsa bai canza ba. Muddin yana kan maganin, ina son ganin jini da fitsari duk bayan 'yan watanni, ya kuma riƙa auna hawan jini a gida da babban maɗauri. Ƙaramin maɗauri a kan ƙaton damtse yakan ba da lambar da ta fi gaskiya yawa.

Hadiza: A nan za mu dakata. Likita, Malam Nasiru, mun gode. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa.