Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha a Ɗakin Binciken Batirin Haidirojin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha, Shugaban Jami'a, shugabannin tsangayoyi da sassa, malamai, ma'aikatan ɗakin gwaji, ɗalibai da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin ma'aikata da ɗaliban wannan ɗakin bincike, ina yi wa mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa lale marhabin, da sannu da hanya. Mun san yawan hidimomin da ke gabanka, ranka ya daɗe, saboda haka ba mu ɗauki wannan tattaki da ka yi mana da wasa ba.

Batirin haidirojin ba ya ajiye wuta kamar batirin mota. Haɗa iskar haidirojin yake yi da oksijin, ya fitar da lantarki da zafi da ruwa, kuma ba ya tsayawa muddin ana ba shi waɗannan iskoki biyu. William Grove ne ya fara nuna haka a Birtaniya a 1839, daga baya kumbunan Apollo na Amurka suka yi amfani da fasahar a tafiyarsu zuwa duniyar wata, suna ɗauke da oksijin zalla a cikin tanki. A doron ƙasa kuwa, daga iskar da muke shaƙa ake samun oksijin, wadda kashi 21 cikin ɗari kacal ce a cikinta. Duk inda aka tayar da zancen wannan batiri, maganar haidirojin ce ke cika fili, amma mu a nan ɗaya ɓangaren muka sa a gaba, wato yadda za a tsara hanyar da iska za ta isa cikin batirin.

Kilo 1 na haidirojin yana buƙatar kilo 8 na oksijin, ya haifar da kilo 9 na ruwa. Kafin a sami wannan oksijin sai an tura iska kimanin kilo 34, kuma a aikace ninki biyu ake turawa, kusan kilo 70 ke nan, domin kada na ƙarshe a jerin faya-fayan da ake haɗawa su zama batirin su rasa rabonsu, kuma domin iskar ta kwashe ruwan da ke taruwa. Kwamfuresa ce ke wannan aiki, kuma matsayinta daidai yake da na zugazugi a maƙera, sai dai ita daga wutar da batirin ya samar take ci, tana iya lashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Idan aka ƙara matsin iska batirin zai ƙara ƙarfi, amma cin kwamfuresa ma zai ƙaru, don haka aikin mai tsarawa shi ne ya gano inda ribar ta tsaya. Ba a kuma yarda ko ɗigon mai ya bi iskar ba, saboda yana lalata filatinom ɗin da ke kan faya-fayan, wato ƙarfen da ke hanzarta haɗuwar iskokin biyu. Shi ya sa kwamfuresar zamani ba ta da boris mai giris. Sandarta a kan iska take shawagi, tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya.

Matsa iska yana dumama ta har ta haura digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, alhali tantanin da ke tsakiyar kowane faifai, irin su Nafion, tsakanin digiri 60 da 80 yake aiki, kuma sai yana da danshi. Idan ya bushe ƙarfin wuta ya faɗi, idan ruwa ya yi yawa ya toshe hanyoyin iska. Dole ke nan a sanyaya iskar, a kuma ba ta laima daidai gwargwado. Kamfanin Toyota, a motarsa Mirai ta 2014, ya cire na'urar ba da laima ta waje, ya tsara batirin yadda ruwan da yake samarwa zai riƙa jiƙa shi daga ciki.

Ranka ya daɗe, an yi irin waɗannan tsare-tsare ne a ƙasashen da iskarsu ba irin tamu ba ce, kuma a ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata mu tsaya ga sayo na'ura mu kunna kawai ba. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kawo mana ƙura, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga iskar a bushe ƙayau, wadda ke zuƙe danshin tantani. A kan teburin farko za ka ga matatun iska guda biyu, sabuwa fara sol, da wadda ta sha hunturu ta koma launin ƙasa, in an buga ta gari na zuba. Matatar da ta toshe tana tilasta wa kwamfuresa ƙara wahala, wutar da za a mora ta ragu. Akwai kuma abin da ido ba ya gani, wato hayaƙin janareto da na manyan motoci mai ɗauke da sinadarin salfa, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kaifin filatinom, kuma sai matata mai gawayi na musamman ce ke kama shi. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, lagireto ya rasa iska mai sanyin da zai yi aiki da ita. Wanda zai kai batirin tudu irin na Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, sai ya sake lissafi, domin iskar can ba ta kai ta bakin teku nauyi ba.

Koke-kokenmu biyu ne. Muna roƙon gwamnati ta taimaka mana da ɗakin gwaji da za mu iya sarrafa zafi da laima da ƙura a cikinsa, domin mu daina jiran hunturu ya zagayo kafin mu gwada matata. Muna kuma roƙon a ɗauki nauyin horar da ma'aikatanmu a kan sarrafa kwamfuresa, musamman yadda za ta riƙa amsawa da sauri idan aka ɗora wa batirin lodi farat ɗaya, domin a wannan ɗan taƙin da iska ta makara ne faya-fayai ke ƙwaruwa.

Yanzu ɗalibanmu za su kunna na'urar domin ka gani da idonka. Muna gayyatar mai girma Kwamishina da tawagarsa zuwa ɗakin gwaji, tare da addu'ar Allah ya saka da alheri, ya mayar da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.