Wu-Tang Clan: Samari Tara da Yarjejeniyar da Ta Sauya Kasuwar Gambara

Akwai wani tambari: harafin W mai kama da tsuntsu ya buɗe fukafukai. Za ku gan shi a riguna da huluna a ƙasashe da dama, har a jikin yaran da ba a haifa ba lokacin da aka zana shi. Tambarin Wu-Tang Clan ne, ƙungiyar mawaƙan gambarar zamani, wato hip-hop, da ta ɓullo a birnin New York na Amurka a 1992.

Gambarar nan a unguwar Bronx aka haife ta, Queens da Brooklyn suka karɓa. Tsibirin Staten Island kuwa, wanda shi ma yanki ne na New York, ba a ko sa shi a lissafi. Daga can ne mafi yawan samarin nan tara suka fito, daga gidajen gwamnati na talakawa irin su Park Hill da Stapleton. Jagoransu RZA da ɗan uwansa GZA sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun kamfanonin faifai. An ɗauke su ɗai-ɗai, faifansu bai yi kasuwa ba, aka sallame su. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. RZA ya ƙudurta ba zai sake shiga ofishin kowa da ƙoƙon bara ba.

Sai suka haɗa 'yan kuɗinsu, suka buga waƙa ɗaya da kansu, suna bin gidajen rediyo da shaguna suna tallata ta. Da ta karɓu, kamfanoni suka fara zawarcinsu. A nan ne RZA ya gindaya sharaɗin da ba a saba ji ba: ƙungiya za ta sa hannu da kamfani ɗaya, amma kowane mutum a cikinta yana da 'yancin ya je ya ƙulla tasa yarjejeniyar da duk kamfanin da ya ga dama.

Ku tsaya mu fahimci nauyin wannan magana. A al'adar kasuwar, idan kamfani ya ɗauki ƙungiya, ya ɗauki kowa da kowa ke nan. Ko wani ya yi fice yana so ya fitar da faifansa shi kaɗai, kamfanin ne ke da hakkin farko a kansa, shi zai yanka farashi. Kamfanin Loud Records, wanda a lokacin ƙarami ne, ya amince da sharaɗin RZA, ya ba su kuɗin kafin alƙalami kaɗan ƙwarai. Sun yarda da ƙaramin kuɗi don su riƙe 'yancinsu, kuma a ganina babu dabarar da ta kai wannan a tarihinsu.

Ranar 9 ga Nuwamba, 1993, kundinsu na farko, Enter the Wu-Tang (36 Chambers), ya fito. Daga nan sai 'yan ƙungiyar suka bazu kamfanoni daban-daban. Method Man ya fito ta Def Jam a 1994. A 1995 Ol' Dirty Bastard ya fito ta Elektra, GZA ta Geffen, Raekwon ya zauna a Loud. Ghostface Killah ya biyo baya a 1996 ta Epic. Kusan duk kiɗan RZA ne ya haɗa shi, kuma suna shiga waƙoƙin juna. Kamfanonin da ke kishin juna sai ga shi kowanne yana kashe kuɗinsa yana tallata tambari ɗaya. RZA ya ce shekara biyar ya roƙi 'yan uwansa su sakar masa ragama, zai kai su sama. A 1997 kundinsu na biyu, Wu-Tang Forever, ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard, wato jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka.

Kiɗan kansa fa? Ƙura-ƙura ne, ba a goge shi ba. RZA yana yanko gutsattsarin tsofaffin waƙoƙin soul, wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, ya zuba musu ganga mai nauyi, ya soka muryoyi da ƙarar takubba daga finafinan faɗa na Hong Kong. Duk wanda ya taɓa zama a silima a Kano ko Kaduna yana kallon fim ɗin Cainis ya san irin wannan sautin. Su ma da shi suka tashi, har suka laƙaba wa tsibirinsu suna Shaolin, sunan gidan ibadar gwanayen faɗa da ake nunawa a finafinan. Dabarar ƙara wa tsohuwar murya sauri har ta yi siriri, wadda mawaƙi Kanye West ya yi suna da ita daga baya, shi da bakinsa ya ce a wurin RZA ya gani.

A 1995 suka buɗe kamfanin tufafi, Wu Wear, tun kafin sayar da sutura ya zama ruwan dare tsakanin mawaƙa.

Ol' Dirty Bastard ya rasu a 2004. Sauran sun yi ta saɓawa da shiryawa, galibi a kan kuɗi da salon kiɗa. A 2015 aka sayar da wani kundinsu da aka buga kwafi ɗaya tak a duniya, a kan kimanin dala miliyan 2, don su nuna waƙa ma tana da daraja irin ta zane. A 2022 kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa kundinsu na 1993 cikin faifan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi.