Raɗaɗin maganin ido da tazarar minti 15

Tun da hunturu ya kama, masu fama da bushewar ido suke ta maimaita tambaya ɗaya: me ya sa maganin ɗigawa da likita ya rubuta yake yaji kamar an watsa barkono? Idon da ya bushe ya riga ya yi laushi, shi ya sa magunguna irin su Restasis da Xiidra sukan yi raɗaɗi, musamman a makonnin farko.

Wanke hannu, ɗaga kai, jawo fatar ido ta ƙasa, su ne matakan farko na ɗiga maganin. Ɗigo ɗaya ya isa, kuma kada bakin kwalba ya taɓa ido.

Ga inda ake kuskure. Ku ɗauki misalin wata mata: maganin ya shiga, ido ya ɗauki zafi, nan take ta ɗauko ruwan jiƙa ido, wato ruwan ɗigawa mai kama da hawaye, ta ɗiga a kai. Ta samu sauƙi kam, amma ta wanke maganin tun bai kama aiki ba, kuma gobe za ta ce bai karɓe ta ba. Ni wannan ne ya fi damuna, domin maganin yana da tsada, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin a ga amfaninsa. Juya tsarin ake yi. A fara ɗiga ruwan jiƙa idon, a jira minti 15 cif, sannan a sa maganin a kan idon da ya riga ya jiƙu. Wanda yake gaggawar fita da safe, ya ɗiga na farkon kafin ya karya kumallo, na biyun bayan ya gama.

Da maganin ya shiga, a rufe ido a hankali ba tare da ƙiftawa ba, a danna kusurwar da ke kusa da hanci da ɗan yatsa na minti ɗaya ko biyu. A nan ne hanyar hawaye take gangarawa zuwa hanci da maƙogwaro, inda ɗacin nan da wasu ke ji a baki yake fitowa.

Sanyin firji yakan rage yajin wasu magungunan, amma a tambayi mai harhaɗa magani tukuna. Idan raɗaɗin ya ƙi lafawa, ko ido ya kumbura, ko gani ya dushe, a koma wurin likita, a kuma tambaye shi irin ruwan jiƙa idon da ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba.