Ruwan da Na Sha a Tsakiyar Teku

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, musamman mutanenmu na Gombe. Wannan kofin ruwan da kuke gani a hannuna shi ne ya sa na kunna kyamara tun gari bai gama wayewa ba, domin tun daren jiya nake ta juya maganarsa a raina. Ina cikin wani katafaren jirgin ruwa na yawon buɗe ido mai hawa fiye da 15, wanda ya taso da mu daga tashar Sautamton a kudancin Ingila, ya kai mu Zebruga a ƙasar Beljiyam, yanzu kuma muna kan hanyar komawa. Tafiyar kwana uku ce kacal, kuma wannan ne karo na farko da na taɓa hawa teku. Jiya a wurin cin abinci na tambayi wani ma'aikaci ɗan ƙasar Filifin a wace tasha suke ɗiban ruwan da dubban mutanen nan suke sha, suke wanka, ake wanke tukwane da zannuwan gado da shi, sai ya nuna mini taga ya ce mafi yawansa daga can ne.

Na yi shiru, domin ni ɗan Jekadafari ne, kuma na tashi na san cewa ruwa abu ne da ake jira. Na san ƙarar kurar 'yan ga-ruwa a bakin ƙofa, na san yadda ake jera jarkoki a gaban famfo ranar da aka saki ruwan Dadin Kowa, na kuma san yadda Inna take ƙirga buta idan bazara ta yi tsanani. Ga shi yau ina zaune a kan ruwan da kowace lita ɗaya tasa take ɗauke da gishiri kusan giram 35, amma a can ƙasan jirgin akwai injuna da suke matsa shi da ƙarfi ta cikin wasu matatai masu ƙananan ƙofofin da gishiri ba ya iya ratsawa, wasu kuma suna amfani da zafin injin jirgin su tafasa shi, a tara tururin ya koma ruwa mai daɗi. Na ɗanɗana shi sau uku ina neman gishirin, ban same shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani hadisi da muka haddace a makarantar Islamiyya muna yara, wanda wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, shin ko za su iya alwala da ruwan teku. Aka ba shi amsa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Mun rera shi a gaban malam alhali babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Dadin Kowa ko kogin Gongola, sai yanzu na gane irin tsoron da ke cikin tambayar: ruwa ya kewaye mutum gabas da yamma, amma ƙishirwa tana iya halaka shi.

Kuɗin tafiyar bai kai yadda na zata ba, fam 340 na biya na ɗaki marar taga, da abinci safe da rana da dare, sai dai bizar Shengen, wato bizar shiga ƙasashen Turai da dama ciki har da Beljiyam, ta ci Yuro 90 tun kafin in ga jirgin. A nan ina gargaɗin duk mai fasfo na Najeriya da kada ya yaudari kansa cewa zai zauna a cikin jirgi ba tare da ya sauka ba, domin tun a wurin shiga ake duba bizar ƙasar da za a tsaya, kuma na ga wani bawan Allah tsaye da akwatunansa an hana shi wucewa. Haka kuma a kashe layin waya da zarar an bar gaɓa, saboda akwai layin tauraron ɗan'adam da waya take kamawa a tsakiyar teku, wanda kuɗinsa yake da tsada ƙwarai. Sannan a taho da buta. Bayan gidan jirgin irin mai zuƙa da iska ne don a rage ɓarnar ruwa, kuma babu wani tanadi da aka yi wa mai tsarki da ruwa.

Kafin jirgin ya motsa sai da aka tabbatar kowane fasinja ya san wurin taruwarsa idan hatsari ya auku, aka nuna mana yadda ake ɗaura rigar ceto, aka kuma busa mana ƙahon gaggawa, gajeru bakwai da dogo ɗaya. Daga wannan gari na Sautamton ne shahararren jirgin ruwan nan Taitanik ya tashi ranar 10 ga Afrilu 1912, kuma nutsewarsa ce ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, sannan bayan kifewar wani jirgin yawon buɗe ido a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka ƙara tsaurara dokar wannan atisaye. Ina tsaye a layin nan sai zuciyata ta tafi ga mutanenmu da suke cika kwale-kwale ranar kasuwa a kogin Neja da na Binuwai, mata da yara da buhunan hatsi da babura, ba tare da rigar ceto ko ɗaya ba, kuma raina ya ɓaci matuƙa.

Salla ma sai da ta zo da nata darasin. A gida idan an ce gabas an gama magana, amma a wannan yanki alƙibla tana kudu maso gabas, jirgin kuma yana karkata ba tare da ka ji ba, ga ɗakina babu taga. Saboda haka nake hawa sama da dardumata in duba rana da kamfas ɗin waya kafin in kabbara. A daren farko mun ratsa mashigin Doba, inda tsakanin Ingila da Faransa bai wuce kilomita 34 ba, na tsaya cikin sanyi ina kallon fitilun ƙasashe biyu a lokaci guda, da jiragen dakon kaya suna bin juna kamar manyan motoci a hanyar Gombe zuwa Bauchi. Da iska ta taso jiri ya ɗan kama ni, amma shayin citta ya taimaka, kuma mai tsoron amai ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, domin nan ne aka fi samun sauƙin girgiza. A wajen abinci kifi na riƙe, ina tambaya a kan kowace miya ko an sa mata giya ko naman alade. Daren da aka ce kowa ya yi ado kuwa, babbar riga da hular zanna na sa, kuma mutane da dama sun nemi mu ɗauki hoto tare.

Da muka isa Beljiyam yawancin fasinjoji sun hau motoci zuwa tsohon birnin Buruj, ni kuwa bakin teku na nufa, domin daga saman jirgi hannu ba ya kai wa ga ruwan. Watan Nuwamba ne, agogon Beljiyam ya zo daidai da na gida, wato lokacin da na cire takalma a kan yashin nan ana shirin kiran azahar a Gombe. Na tsuguna na yi alwala da ruwan tekun, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi, gishirinsa ya cika mini baki wajen kurkura. Daga nan na kira Inna ta bidiyo na juya mata wayar, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko akwai inda ya ƙare.