Siobhán: sunan da ke ba baƙo wahala a Ailan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Galway, a yammacin ƙasar Ailan. Ku yi haƙuri da ɗigon ruwan da ke kan kyamara, yayyafin garin nan ba ya gajiya.

Ga wani sunan mata na nan Ailan, na rubuta shi a takarda: Siobhán. To, ku karanta min. Na san yawancinku "Siyobhan" za ku ce. A'a, "Shivon" ake cewa. A rubutun Gaelik, harshensu na gado, "si" ɗin nan "sh" ne, "bh" kuma yana fita kamar "v". Mu da ba mu da "v" a Hausa, bakinmu sai ya zame zuwa "Shibon". Amma ga albishir: tsofaffin Connemara, can yamma da nan, inda har yau ake Gaelik a gida, "Shuwan" suke cewa. Wannan kam ba ya buƙatar murɗa harshe.

Sunan ba ɗan asalin Ailan ba ne. Normawa, wato mutanen da asalinsu daga Normandi ta arewacin Faransa ne, su ne suka zo da shi bayan shigowarsu a 1169, lokacin ana cewa Jehanne. Idan ka bi salsalarsa, za ka tarar da Yohanan na Ibrananci, wato Allah ya yi alheri. Shi ne sunan da Turawa ke kiran Annabi Yahaya da shi, John. Na maza a nan shi ne Seán, ana faɗinsa "Shon".

Wannan ɗan layin da ke kan "á", a Gaelik "fada" ake ce masa, kuma ba ado ba ne. Cire shi daga Seán, sai ka samu "sean", ma'ana tsoho. Kamar dai a cire mana ƙugiyar "ƙ" ne, ƙafa ta koma kafa. Shi ya sa mutanen nan ke jin haushi in kwamfutar banki ko ta asibiti ta share musu shi, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Ginin da ke bayana shi ne An Taibhdhearc, gidan wasan kwaikwayo na Gaelik da aka buɗe a 1928. A nan 'yar wasan kwaikwayo Siobhán McKenna ta fara wasa, kuma shahararta ta taimaka sunan ya bazu, har a Ingila da Amurka. Bari in matsa kusa ku ga allon ƙofar, babu Turanci ko ɗaya a sunan.