Ina Gawayin Ya Tafi?

Ku dubi wannan kurfoti. Jiya da yamma aka cika shi fal da gawayi, aka tuƙa tuwo, aka ɗora miya. Da gari ya waye, ga abin da ya rage: 'yar toka da ko tafin hannu ba ta cika ba. To, ina sauran?

Za ku ce ai wuta ta cinye. Sai dai wuta ba ta da tumbi. Gawayin nan iska ya bi.

Mafi yawan gawayi kabon ne. Idan ya kama, kowace ƙwayar zarra ta kabon takan haɗe da ƙwayoyi biyu na oksijin daga iskar da ake fifita masa, su zama wata iska mai suna kabon-dayoksaid. Ku riƙe lissafin nan: giram 12 na kabon da giram 32 na oksijin, su ke ba da giram 44. Wato iskar da ta tashi ta ninka kabon ɗin nauyi fiye da sau uku, ido ne kawai ba ya ganinta. Ƙwaya ko ɗaya ba ta salwanta ba, abokan zama suka sauya. Af, idan oksijin ya yi ƙaranci, wata iskar daban mai suna kabon-monoksaid ke fita, kuma tana kisa ba tare da ko wari ba. Don Allah kada sanyin hunturu ya sa a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Wanda ya tabbatar da sikeli cewa ba abin da ke salwanta shi ne Antoine Lavoisier, masanin kimiyya mutumin Faransa. A 1774 ya zuba kuza a kwalba, ya liƙe bakinta, ya auna, sannan ya gasa ta har kuzar ta yi gari-gari. Ya sake aunawa: nauyi na nan yadda yake, ba ƙari ba ragi. Da ya buɗe kwalbar sai iska ta kutsa ciki, sikeli ya rinjaya. Ashe kuzar ta shanye wani kaso na iskar da ke ciki, ta ƙara nauyi, iskar waje kuma ta shigo cike gurbi.

Haka ƙusar da kuka manta a tsakar gida da damina take: ita ma wani kaso na iska take shanyewa ta yi tsatsa. Ku tattara ta da duk ɓurɓushin tsatsarta ku auna, za ku tarar ta fi ranar da aka sayo ta nauyi.